Robar Mashud

Asabar, tun ladan bai gama gyaran murya ba,
muka bar Nima a motar da ƙofarta ke ɗaure da igiya,
muka sauka Ayi Mensah, gindin dutse,
inda kwalta ke miƙa wuya ta nufi Aburi.

Mashud ya zo da baƙar roba mai jan murfi,
a jikinta hoton wani ƙato, ƙirji kamar an kifa turmi biyu.
Sidi ɗari huɗu da hamsin ya zube a wani kanti a Osu,
kuɗin ɗinkin mako biyu, har da na cefane a ciki.
Ya ce, “Tanko, cokali guda na garin nan
ya fi kwanon Inna Barikisu, ko da ta ɗora ƙwai.”
Ya zuba ruwa, ya girgiza, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.
Na ɗanɗana. Ƙamshin alewa, ɗanɗanon alli.

Ni kuwa tuwo na ci na kwanta,
miyar ayoyo mai yauƙi da kan kifi,
da asuba koko rabin kofi, ƙosai biyu.

Muka ɗaga.
Ƙeyarsa na yi ta kallo har ta ɓace a kwana.
Huhuna na hura wuta kamar zugazugin maƙeri,
cinyoyina na roƙon in ji tsoron Allah,
a ƙasa Ankara ta shimfiɗe da kwanukanta,
teku can nesa, siririn zare mai toka.

A kwana ta biyar, wurin mai sayar da kwakwa,
na iske shi zaune kan ƙarfen gefen titi,
kai tsakanin gwiwoyi, leɓe fari fat.
“Yaushe rabonka da abinci?”
Ya ƙirga da yatsa. “Jiya da hantsi. Burodi.”
Mai kwakwa ta sare guda, ta miƙa, ba ta tambayi kuɗi ba,
ta ce da Hausarta mai gishirin Gaa,
“Yaro, da ruwan ciki ake jan na rijiya.”

Ban yi masa dariya ba. Ina da dalili.
Bara jiri ya kayar da ni a kan wannan hawa,
ni mai cin tuwo, mai cika baki da tuwo.
A asibitin Mamobi wata nas, Rafiyatu,
ta ja fatar idona ƙasa, ta aika a ɗebi jini,
ta ce ya yi ƙasa, ta ba ni ƙwayoyi jajaye ƙanana,
wata uku, kullum ɗaya,
ta haɗa ni da hanta da ganye da wake.
“Ƙwayar nan faci ce,” in ji ta, tana rubutu,
“ka nemo rigar da za a ɗinka ta a kai.”

Na faɗa wa Mashud. Tela ne, ya gane kafin in rufe baki.

Bai zubar da garin ba, ai da kuɗi ya saya.
Ya shanye abinsa cokali-cokali har ƙasan roba,
amma yanzu kowace safiya yana layin Inna Barikisu,
shinkafa da wake ja da karan dafi, a ganye,
taliya kaɗan, ƙwai idan ɗinki ya yi kyau.

Asabar da ta wuce ya riga ni kai wa Peduase
da tsawon turken lantarki guda.
Shi ya ce garin ne ya zauna masa a ƙashi.
Inna ta ce wakenta ne.
Ni na ce na kwana ina gyaran janareto, ba wanda ya saurare ni.

Robar tana nan kan teburin Inna, cike da shito.
Ƙaton da ke jikinta ya yi maiƙo har wuya,
cokali a tsaye bisa kansa,
yana kallon layi yana tsawo.