Direba Biyu

Na sauka daga aiki sha ɗaya saura,
ruwan Sheffield bai gaji ba, ni na gaji.
Rigar kamfani tana ɗiga a bayan ƙofa.
Na zaro faifan daga tsohuwar ambulan
wadda Yaya Sale ya rubuta wa da biro:
Muryar Inna, Gumel.

Na danna. Kwamfuta ta zaro harshe,
na ɗora mata, ta haɗiye.
Fitila ta ƙifta sau biyu, irin na mai gyangyaɗi.
Na buɗe, na hura, na goge da gefen riga,
na yi bisimilla na mayar.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Juwairiya ta sauko da safa ƙafa ɗaya,
ta ja kujera, ta karɓe linzami daga hannuna.
"Baba, faifanka lafiya lau.
Direba ne ya lalace."
Na ce wane direba?
Shekara goma sha tara ina jan bas
daga Hillsborough har Woodhouse,
ko madubin wani ban taɓa gogewa ba.
Ta yi dariya har ta ƙware.

Ta nuna mini alama ruwan ɗorawa, mai kusurwa uku,
da lamba talatin da tara a gindinta.
Ta ce, da Hausarta mai ɗingishi,
wannan direban ba ya riƙe sitiyari,
tafinta ne.
Na'ura na da bakinta, faifai na da nasa,
shi ke tsakani.
Ranar da ya ruɗe sai su zauna gida ɗaya
kowa na kallon leɓen kowa.

Na dube ta. Na haɗiye abin da ya taso.

Ta sallame shi, ta kashe, ta kunna.
Alamar ta dawo, ƙememe.
To, in ji ta, sai mu shiga rajista,
ɗakin da ba a faɗa masa da garaje.
Ta fara ajiye kwafi a gefe, saboda tsaro.
Lambobi sun yi jerin gwano har ƙasan allo.
"Ga su nan. Matata ta sama, matata ta ƙasa.
Wata tsohuwar manhaja ce ta tashi
ta bar tarkacenta a kan hanya.
Goge matata, Baba."
Daga kicin uwarta ta ɗaga murya:
"Wa za a goge?"

Yatsana ya yi rawa,
ni da ke juya mota mai bene a kan ƙanƙara.
Na goge ta sama. Na goge ta ƙasa.
Allo ya yi baƙi. Muka zuba ido,
firiji na gurnani, ruwa na bugun taga.

Can sai fuuu,
faifai ya ɗauki gudu.

Zakara ne ya fara, ba ita ba.
Sai luguden turmi daga maƙwabta, sai tari,
sannan:
"Ya kama? In yi magana?
Ɗanlami, kana ji na?
An ce garinku rana ba ta fitowa.
Ka riƙa shan kunu da zafinsa.
Jar akuyar nan ta haifi biyu, ɗaya bai tsaya ba.
Ina jaririyar? Wa ta ɗauko?
Ka koya mata gaisuwa."

Damina goma sha huɗu ke nan
da aka kai ta gabas da gari, ban samu jana'iza ba.

Juwairiya ta kara kunne,
ta tsayar, ta mayar baya, ta sake tsayarwa.
"Bai tsaya ba, ina ya tafi?"
Na buɗe baki, ya ƙi tashi.
Na kurɓi ruwa, na jira kaina ya kunnu.

Ƙarfe biyar zan fita da bas ɗin farko.
Yanzu ɗaya ta gota,
muna kan akuya tukuna.