Kafin Daren Alhamis

Dinyoyi sun wuce kudu tun makon jiya.
Babban tafki ya yi baƙi kamar gindin tukunya,
rediyon Calumet kuma ya ce daren Alhamis.
Baba bai taɓa yarda da rediyo ba,
da ciwon gwiwarsa ya yarda.
To bana gwiwar ƙarfe ce, likita ya sa masa,
ba ta san sanyi ba,
ba ta faɗa masa komai.

Ya zauna kan kifaffen bokiti a ƙofar gareji,
sanda tsakanin ƙafafu, baki cike da umarni.
Ni ce kwance kan kwali ƙarƙashin ƙaramar tarakta,
ni da hannuna bai san komai ba sai biro da kuɗin mutane.

"Fara sauke wuƙaƙen ciyawa, Aili.
Rani ya ci rabonsa."
Noti huɗu ne.
Uku sun fita da girma da arziki,
na huɗu ya ce sai dai a kashe tsohuwa kan daddawarta.
Na ba shi mai, na ba shi haƙuri,
na ba shi guduma.

Na tsiyaye baƙin mai cikin tsohuwar tasa,
na ɗura tsinkakke,
don mai kauri, in Janairu ya kama shi,
man shanu yake zama a cikin inji.
Na kankare bakin batir, na wanke fulogi.
Da na buɗe matatar iska
sai ga ɗakin ɓera, an yi masa shimfiɗa
da jan ulun safar hannun Mama
wadda muka gaji da nema tun tana raye.
Na miƙa wa Baba.
Ya juya shi, ya sake juyawa,
ya sa a aljihun ƙirji.
"Sarƙa," ya ce. "Rana na tafiya."

Sarƙar ta kwana bakwai a kan ƙusa tana ƙulla kanta.
Na warware, na shimfiɗa, na tura taya ta hau,
na ɗaure, ya ce saki.
Na sake ɗaurewa, ya ce yatsa ɗaya kawai zai shiga.
Bulo biyu a bayan kujera don nauyi,
sannan garmar gaba, mai faɗin ƙofar ɗaki,
bakinta ya cinye a gefen dama
saboda shekara talatin da ɗaya
Reino Harju dama yake zubar da dusa.

Murɗawa ta farko, tari.
Ta biyu, tari da zagi.
Ta uku sai gareji ya ɗauki rawa,
shuɗin hayaƙi ya kori kyanwa waje.

Na ce mun gama.
Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba,
ya nuna tsallaken titi da sanda,
gidan tsohuwa Ardis mai labule ɗaya.

"Ƙarfe biyar na asuba, kafin namu.
Motar asibiti ke zuwa mata Litinin da Juma'a.
Taku shida daga akwatin wasiƙa akwai murfin rijiya,
ɗaga garma a nan.
Kusa da matakala akwai furen da mijinta ya dasa,
dusa za ta ɓoye shi, ke kada ki manta.
Tafi yanzu ki kafa turaku,
tun ƙasa tana karɓar turke."

Na ɗauki turaku na tsallaka.
Iska ta juyo daga tafki da warin ƙarfe.
Wani farin abu, ƙwaya ɗaya tal,
ya sauka kan hannun rigata, yau Talata.

Daga baya na ji muryarsa sama da kukan inji:
"In ta ba ki kuɗi, ki ƙi!
In burodi ne, karɓi biyu."