Mai Fentin Kibiyoyi

Duk watan Oktoba, in ruwa ya ɗauke,
nakan ɗauki gwangwanin fenti ruwan ɗorawa
in bi turaku goma sha huɗu
da hukuma ta kakkafa kewaye da garinmu,
nan kudu maso yammacin Ostareliya,
inda ƙasa take ja kamar hanta,
itatuwa kuwa sai ka dafe hula kafin ka ga ƙarshensu.

Sunana Dulcie Trewin. Shekara saba'in da uku.
Gwiwar hagu ta daina shawara da ni.

Turke na biyu kututture ne.
Mutum shida sa yi rawa a kansa, ba mai taka wani.
Ga tsagar da masu sara suka yi a jikinsa,
suka soka katako, suka hau, suka tsaya a iska
tun hantsi har la'asar sakaliya.
Allon bayani ya ce: "An sare shi wajen 1936."
An sare shi!
Sai ka ce gatarin ne ya zo da ƙafarsa.
Stipe Vuletić ne da mahaifina, Merv.
Wannan ba ya jin yaren wancan,
zarto ne ya yi musu tafinta:
ja, in ja.

Na biyar, ramin kuza.
Ruwa ya cika shi, kore shar, shiru,
agwagin daji na iyo kan gumin mutum ɗari uku.
Baƙi sukan ce, kai, wurin nan da kyau.
Ba na musu. Da kyan.
Wanda bai kwana da mai tari ba
ba ya jin ƙura a cikin hoto.

A gangaren rafi nakan tarar da Glenys,
jinin mutanen Noongar, takalmi a hannu.
Ta ce, "Dulcie, har yau kina yi wa hanya lamba?
Kakannina sun bi ta tun ba a san ƙarfe ba,
ba wanda ya ɓata."
Ba ni da amsa. Na zuba mata shayi a murfin filas,
ta riƙe mini gwangwani,
na miƙe kibiyar da ta karkace.

Na takwas, masana'antar katako:
daɓen siminti, wata ƙafar inji da tsatsa ta cinye,
da wurin da jiniya take, wadda ta rene mu duka.
Nan Baba ya bar yatsu biyu wata ranar Talata.
Ya dawo da hannu a naɗe cikin riga,
ya ce wa mahaifiyata, "Kar ki damu,
dama kuɗin bai kai a ƙirga da goma ba."

Tsakanin na tara da na goma ba turke.
Kwana ce kawai, da wani dutse mai kama da tukunya.
Nan motar gungume ta kife da yayana Clarrie.
Ba ya cikin taswira.
Nakan ɗiga masa fenti, ɗigo ɗaya,
hukuma ba ta sani ba.
Bana sun zama goma sha tara.

Da tsakar rana ƙasa kan yi motsi ƙarƙashin ƙafa.
Nakiya ce, can bayan tsauni:
sabon rami, farin dutse na batirin waya.
Jikana Lachlan na can cikin hular kwano.
Wata rana wata tsohuwa za ta yi wa wurin kibiya,
ina fata ta san sunansa.

Jiya wani yaro, gumi sharkaf, ya tambaye ni,
"Kaka, ina hanyar nan ta ƙare?"
Na ce, inda kuka ajiye mota.
Ya ce, "To, ai ba inda muka je ke nan."

Na rufe gwangwani.
Saura turke huɗu, ga burushi ya fara bushewa.