Rufin Kaka Teraoi

Tsibirinmu, Maiana, da ƙyar ya ɗaga kai bisa teku.
Ba dutse, ba tudu, ba abin da ido zai riƙe daga nesa.
Shi ya sa kakata Teraoi take cewa
taswirarmu a sama aka rataye ta.

Ba waje ta fara kai ni ba.
A zauren taro ta kwantar da ni kan tabarma,
ta ɗaga sanda tana taɓa tsaikon jinka:
"Nan gabas. Ƙirga tanka daga gindi har ƙoli.
Sama ma ɗaki ce, da azara, da ƙofofi,
kowane tauraro kuwa da ƙofarsa.
Inda ya ɓullo jiya, nan zai ɓullo baɗi,
nan ya ɓullo ran da aka haifi uwata.
Sai dai yana da ɗan ɗoki:
kullum yakan riga jiyansa fitowa
da kamar lokacin da za ka ɓare kwakwa biyu."

Na yi hamma. Shekarata tara, sauro na cin ƙafata.
Ta ƙwanƙwashe ni da sandar.

Bayan shekara ashirin da ɗoriya,
ni da Tiaon muka bi kifi har ƙasa ta ɓace.
Inji ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Wayar da muke taƙama da ita ta sha gishiri.
Kwana biyu igiya na jan mu yamma,
inda babu kowa sai ruwa bayan ruwa.
Tiaon ya ɗaura tamfol a jikin filafili,
ya dube ni, bai ce komai ba.

Na kwanta rigingine a cikin kwale-kwale,
warin fetur da jinin kifi a ƙeyata.
Da duhu ya nuna, sai ga rufin nan ya dawo,
tanka bayan tanka.
Nei Auti, 'yan matan nan masu tafiya a dunƙule,
suna sauka a yamma,
na tuna ba sa zama ɗaki ɗaya da Rimwimaata.
Na juya. Ga shi can, ja kamar garwashi,
gabas, ya ɗan karkata kudu,
yana leƙowa ta ƙofar da ke bisa gidanmu.

Muka sa hancin jirgi a kansa.
Ya hau taƙi ɗaya, ya hau biyu,
Tiaon ya ce a ci gaba da bin sa.
Na ji sandar a goshina:
"Tauraron da ya yi sama ya daina zama hanya,
ya koma ado.
Sake shi. Ka jira ƙanensa a ƙofa guda."
Ƙanen ya zo, ɗan siriri, ko sunansa na manta.
Bayansa wani. Bayansa wani.
Haka muka yi ta karɓar su hannu da hannu
kamar masu hawa igiya mai ƙulli.

Tsakar dare hadari ya rufe gabas.
Na waiga baya, na nemi masu faɗuwa
a ƙofar da ke fuskantar tamu,
na tuƙa da ƙeya.

Da asuba fararen tsuntsaye suka wuce mu, suna fita kiwo.
Inda suka baro, nan ƙasa.

Ba ta nan da zan gaya mata.
Zauren ma an sake masa rufi, kwano ne yanzu,
yana ƙara in rana ta yi zafi.
Jiya na hau tsani da alli,
na ja layi shida a cikinsa, ba su miƙe sosai ba.
Na kwantar da Bwenaua kan tabarma, na ce, "Nan gabas."
Ta yi hamma.
Sandar tana hannuna.