Tarin Uban Likita

Ƙarfe tara na dare a Gadarif,
in wuta ta yi mana mutunci,
ni da Inna mukan ja gadon igiya bakin ƙofa
mu kalli asibitin cikin akwati,
mai ƙyallin daɓe, babu ƙuda ko ɗaya,
ba kamar namu ba, inda nake ɗibar jinin jama'a
tun hantsi har la'asar sakaliya.

A makon nan uban Dakta Suhair ya dawo.
Shekara ashirin ba wasiƙa, ba saƙon baka,
sai ga shi a ɗaki na huɗu da farar jallabiya,
carbi a hannu, ƙoda ta gaza.
Bai ce ki yafe mini ba.
Cewa ya yi: kin rame, 'yata, ba kya cin abinci ne?
Ya tuna sunan 'yartsanarta.
Bai tambayi wa ya sayar da awarwaro
aka biya kuɗin makaranta ba.

In nas ta shigo sai ya yi tari,
tari mai ladabi, yana kallon ƙofa ta wutsiyar ido.
Tana fita ya gyara zama ya ɓare lemo.
Ya raɗa wa babban likita wai uwar ce ta raba su.
Ya ce wa ƙanin: yayarka ta fi son farar riga da mu.
Kafin a sako tallar sabulu
ya tsaga gida biyu,
ko murya bai ɗaga ba.

Inna na tsince tsakuwa daga riɗi a faifai.
Ba ta ɗago ba, ta ce:
Wannan ɗan wasan da saura.
Hawayensa sun yi gaggawa.
Na gaske bari yake ke ki fara kuka,
sannan ya miƙo miki hankici,
gobe ya lissafa shi cikin bashi.

Na yi shiru.
Ina da shekara bakwai Sambo ya hau lori zuwa Bur Sudan,
wai zai haye teku ya aiko mana da keken ɗinki.
Na jira keken nan
har na koyi nemo jijiya a hannun jinjiri.
Bara ya samo lambata.
Muryar ta tsufa, dabarar tana nan da ƙuruciyarta:
Kuluwa, 'yar lelena, ashe kin zama likita?
Na ce a'a, jini kawai nake ɗiba.
Ya yi dariya, ya ce ai maganar ke nan, jini,
hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.
Sai ya yi tari.
Na tsaya da waya a kunne ina duban hannuna,
ina neman tuna wanda ya fara riƙe wuƙar.

Sau uku na tura masa kuɗin allura.
Na huɗu na ce a turo mini takardar likita,
ya yi wata biyu yana fushi.

Daren yau sakamako ya fito.
Ƙodar Suhair ta dace da tasa.
Ga takarda, ga biro, ga tsoho ya juya wa bango fuska,
yana cewa kar ki damu da ni, dama na saba kaɗaici.
Ta cire murfin biron da haƙori,
sai wuta ta ɗauke.

Unguwa ta ɗauki salati.
Yaran maƙwabta na ihu: ta sa hannu! ba ta sa ba!
Wani na fama da igiyar janareta.
A ƙarƙashin matashi wayata ta kawo haske,
lambar can ƙetaren ruwa,
tana rawa kamar ƙwaro a kwano.

Inna ta ci gaba da tsintar riɗinta a duhu,
yatsunta sun san tsakuwa ba sai da fitila ba.
Ta ce: in za ki ɗauka, ɗauka.
Amma fara cin tuwonki,
kar ya same ki da yunwa.