Kafin Rana ta Taɓa Wardi

A kan dutsen Shafa, can saman Ɗa'ifa,
sanyin asuba har ɓargo yake shiga.
Buhu goma sha tara na furen wardi
muka tsinka da fitila a goshi, raɓa na jiƙa hannun riga.
In rana ta riga su isa tukunyar tagulla,
ƙamshi ya tafi, kuɗi ya bi sawunsa.

Na murɗa makulli. Mota ta yi gurnani,
ta yi tarin tsohon da ya kwana kusa da jiƙaƙƙen icce,
ta tofo farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal,
ta yi tsit.
Kwana shida ke nan muna wannan kokawa.
Da hantsi kuwa taɓawa ɗaya, ta tashi, kamar ba ita ba.
Na zargi batir, na sayi sabo da kuɗin da zan aika gida.
Na wanke filta, na tsine wa gidan mai.
Abu Nayif agogonsa yake duba, ni ko kallo ban ishe shi ba.

Usta Tanimu ya iso da bargo a kafaɗa.
Haihuwar Makka ne, Hausarsa ta kakarsa ce,
Larabci manne a jikinta kamar ƙarangiya.
Bai taɓa komai ba. Ya ce, "Murɗa, amma rabi."
Ya kara kunne. Wani abu ya ce ƙas a gefen batir.
"To, wuta tana zuwa har ƙofa. Ɓarnar tana ɗaka.
Dizal ba ya cin tartsatsi, Lurwanu.
Iska ake matsewa har ta yi zafi, mai ya faɗo ya kama,
amma ƙarfe mai sanyi ɓarawon zafi ne,
shi ya sa kowace silinda take da hitarta."

Ya kwance siririn ƙarfen da ya haɗa kawunansu huɗu,
ya maƙala wutsiyar fitilar gwaji a jan kan batir,
ya bi su da tsini kamar mai kiran suna.
Na fari, ƙwai ya haska.
Na biyu, duhu.
Ya kankare tsatsa, ya sake taɓawa, duhun dai.
Na uku ma bai amsa ba. Na huɗu ya haska.
"Biyu ke ɗaukar gawar biyu kullum asuba.
Yau sun gaji."

Na ɗauko sufana da zafin nama, ya buge min hannu.
"In ya karye a ciki sai an ɗaga kan inji,
wardinku kuma ya zama rabon awaki."
Ya ɗiga mai a gindin zare, ya zauna, ya sha shayi,
gabas na yin ja, cikina na yin ruwa.
Sannan ya juya kaɗan, ya mayar, ya ƙara kaɗan,
yadda ake zare ƙaya a ƙafar yaro,
har suka fito, baki kumbure da baƙin toka.

Sabon ya ɗora a batir ya nuna min:
kafin in ƙirga biyar bakinsa ya zama garwashi.
Da yatsu ya fara ɗaurawa, sufana sai a ƙarshe, ita ma da kunya.
"Jira fitilar nan ta mutu tukuna. Yanzu."

Ta tashi. Ta ɗan girgiza, ta daidaita murya,
hayaƙin ya washe kamar an ba shi haƙuri.

Ya cusa hannu a buhu, ya ɗebi furen da zai kai wa matarsa.
"Tsohon batirinka yana ina?"
Na ce na bayar, kyauta.
Ya dube ni, ya gyara bargo, bai ce komai ba.

Na gangaro kwanar dutse, rana na bin bayana,
matattun fulogi biyu na ƙara a aljihuna,
ina lissafin abin da zan faɗa wa Inna a waya
game da kuɗin watan nan.