Tsohuwa Ta Sauka Daga Tebur

Shekara bakwai tana nishi a kan teburina,
fankarta na tari kamar wanda ya shaƙi barkono.
In na kunna ta bayan Isha'i,
sai in je in dafa shayi, in dawo,
in tarar tana nan tana shawarar farkawa.

Aikina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Jidda,
wuni guda a saman bene, rana na gasa ƙeya,
iskar teku na cin ƙarfe, gumi na cin ido.
Da dare kuwa ni direba ne.
Motata ja ce, ba ta shan mai,
hanyarta na cikin allo.

Munzali, ɗan gwaggona, yana can Riyad,
ƙarfe sha ɗaya muke haɗuwa a bakin layi.
Sai mun iso kwanar ƙarshe
hoto ya daskare,
kafin ya motsa, motata ta rungumi katanga,
dariyar Munzali ta cika mini kunne.
In ce, "Injin ne, wallahi injin ne."
Ya ce, "To, Allah ya ba injin lafiya."

Na shiga adashi ni kaɗai.
Riyal goma, riyal ashirin, cikin gwangwanin madara.
Na yi sallama da shinkafa da kazar ranar Alhamis,
na koma wake da gurasa.
Takalmina ya buɗe baki, na ba shi haƙuri.
Wata goma sha ɗaya.

Ran wata Asabar na nufi titin masu kwamfuta.
Mai shagon ya jera mini kayan ciki a kan gilashi
kamar mahauci na nuna hanta da ƙoda:
wannan ƙwaƙwalwa ce, wannan katin hoto,
wannan ke riƙe tunani kada ya zube.
Na yi ciniki har muryata ta dishe,
ya rage ɗari da hamsin.

Na rungumo kwalin a tasi kamar jariri ranar suna.
Inna Zulai ta leƙo daga madafa,
"Firji ne?" Na ce a'a.
"Yana dafa wani abu?" Na ce a'a.
Ta ce, "Dubu huɗu, ko ruwa ba ya sanyayawa,"
ta koma kan tukunyarta.

Na kunna.
Kafin hannuna ya kai butar shayi ta riga ta farka.
Shiru, sai shuɗiyar fitila na numfashi a cikinta.
A allon na ga abin da ban taɓa gani ba:
ashe yayyafi ake yi a hanyar nan,
ashe bishiyoyin gefen titi suna da ganye,
ashe jikin katangar da na saba runguma
wani ya zana 'yar kyanwa.

Sha ɗaya. Munzali ya iso.
Muka tashi, tayoyi na kururuwa,
babu daskarewa, babu ko ɗigon jinkiri.
Kwanar ƙarshe ta taho, sarai nake ganinta,
na karya sitiyari da duk ƙarfina,
na daki katangar,
daidai kan kyanwar.

Shiru ya yi tsawo a kunnena.
Can Munzali ya ce, a hankali,
"Yau kuma wa za mu yi wa addu'a?"

Tsohuwar tana ɗakin ƙanwata Ramlatu yanzu,
tana taya ta aikin makaranta.
Daren nan na wuce, na jiyo tarin da na sani,
na tsaya a bakin ƙofa.
Shekara bakwai tana ɗauke da laifin da ba nata ba,
ba ta taɓa tona mini asiri ba.

Na koma kujerata, shayi ya huce.
Na ce, "Munzali, kana nan?
A sake."